Yadda za ka fahimci na'urar CPAP, ka daidaita ta har barci ya dawo maka

Daren farko da na kwana da na'urar nan ta CPAP, mai tura iska ta takunkumi don kada numfashi ya riƙa tsayawa cikin barci, ban kai ƙarfe uku ba na farka, na ga takunkumin yashe a ƙasa, tiyon yana ta huci shi kaɗai kamar kububuwa. Ban san lokacin da na fizge shi ba. Bakina ya bushe ƙamas, idona na hagu yana raɗaɗi, ga wani jan layi a karan hancina da ya wuni bai baje ba. Mai ɗakina ta ce ita kam ta huta, don a 'yan sa'o'in nan ba ta ji minsharin da ya shekara goma yana hana ta runtsawa ba. Ni kuwa na tashi da niyyar mayar da kayan cikin jakarsu.

A wannan gaɓa mutane da yawa suke karaya. Wasu su tura na'urar ƙarƙashin gado, wasu su hau murɗa ƙarfin iska sama da ƙasa babu lissafi. Abin da na koya daga baya shi ne gyaran yana da jeri: a fara toshe yoyon iska, sannan a gyara abubuwan da ke takura wa mutum, sai daga ƙarshe a taɓa matsin iskar, shi ma tare da likita. Wanda ya fara daga matsi ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin da take yi a maƙogwaronka

Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da gindin harshe da beli sukan saki jiki. Ga wasu mutane sakin kan kai hanyar iska ta matse ko ta rufe ruf. Ƙirji yana ta ja, iska ba ta shiga. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta zabura ta tashe ka na 'yan daƙiƙu, ka ja numfashi da gurnani, ka koma barci ba tare da ka san an yi ba. Likitoci suna lissafa tsayawar numfashi ne idan ta kai daƙiƙa 10. Akwai kuma rabin toshewa, inda iska take wucewa amma ta ragu da kashi 30 cikin 100 ko fiye, har oksijin ya sauka ko mutum ya zabura. A haɗa waɗannan biyun a raba da sa'o'in barci, shi ne lambar da ake kira AHI. Ƙasa da 5 a awa lafiya lau, 5 zuwa 15 ciwon mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa ya yi tsanani. Mai AHI 40 ana tashinsa kusan kowane minti ɗaya da rabi, dare guda cur. Shi ya sa yake gyangyaɗi a wurin aiki, yake tashi da ciwon kai, hawan jininsa ya ƙi jin magani.

Na'urar ba ta yi maka numfashi, kuma ba oksijin take ba ka ba. Iskar ɗakinka take zuƙa, ta tace, ta tura da ɗan matsi don ta tokare maƙogwaro kada ya rufe, kamar yadda iska ke riƙe balan-balan a buɗe. Wani likita a birnin Sidni na Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar, aka buga sakamakon gwajinsa a 1981. Ana auna matsin da santimita na ruwa. In kana son ka ji yadda 10 take, ka tsoma siririn bututu a ruwa zurfin santimita 10, ka hura har kumfa ta fito. Ƙarfin da ka sa ke nan, ba wani abin tsoro ba. Yawancin na'urori suna aiki ne daga 4 zuwa 20.

Mataki na farko: ka san wacce ke hannunka

Iri huɗu ne, kuma ba a yi musu kuɗin goro. CPAP zalla matsi ɗaya take bayarwa har gari ya waye. APAP, wadda ake ce wa mai sarrafa kanta, ana ba ta ƙasa da sama, misali 7 zuwa 14, ta riƙa hawa da sauka tsakaninsu gwargwadon abin da ta ji a numfashinka. BiPAP tana da matsi biyu, mai ƙarfi lokacin shaƙa, mai sauƙi lokacin fitarwa. ASV kuma ta masu wata matsala ce daban, inda ƙwaƙwalwa ce ke mantawa da aika umarnin numfashi. Bayanin nan na masu biyun farko ne. In kana amfani da BiPAP mai ƙidaya maka numfashi, ko ASV, ko ana haɗa maka oksijin, ko kana da raunin zuciya, ciwon huhu mai tsanani, shanyewar ɓarin jiki, ko kana shan magungunan kashe raɗaɗi masu sa barci, ka karanta sashen takunkumi da na laima, wato danshin da tankin ruwan na'urar ke ƙara wa iskar, sauran kuma ka bar wa likitanka gaba ɗaya. Haka ma na'urar yaro.

Ka nemi takardu biyu ka riƙe kwafinsu: sakamakon gwajin barcinka da takardar da likita ya rubuta matsin. Sannan ka ɗauki hoton duk saitin da ke kan allo kafin ka taɓa komai. Ranar da ka rikice, hoton nan ne zai mayar da kai gida.

Na'urar tana da ɗakin saiti biyu. Na waje naka ne: laima, ɗumin tiyo, lokacin hawan matsi, irin takunkumi. Na ciki, wato ɗakin likita, inda matsin yake, a ɓoye yake da gangan, domin matsi tamkar adadin ƙwayar magani ne.

Mataki na biyu: takunkumi, inda rigimar take

In ka ji wani ya ce na'urar ba ta karɓe shi ba, ka tambaye shi takunkuminsa. Sau tari nan gizo ke saƙa.

Akwai mai 'yan matasai biyu da ke zama a ƙofar hanci, akwai mai rufe hanci duka, akwai mai rufe hanci da baki. Na farkon ya fi sauƙi a fuska, ya dace da mai gemu da mai jin kamar an kulle shi a akwati, sai dai idan matsi ya yi sama yakan sa ƙofar hanci zafi. Mai rufe baki na wanda hancinsa ke yawan toshewa ne ko bakinsa ba ya rufuwa cikin barci. Amma faɗinsa ya sa ya fi saurin yoyo, kuma yakan danna haɓa baya, har wasu su buƙaci matsi fiye da wanda za su buƙata da na hanci. Duk wanda ka zaɓa, ka shiga saiti ka gaya wa na'urar irinsa, don da wannan take lissafin iskar da ya kamata ta fita.

Ga yadda ake ɗaura shi. Ka wanke fuska da sabulu marar maiƙo, ka bar ta ta bushe, kada ka shafa mai a inda robar za ta zauna, musamman irin su basilin da ake yi daga man fetur, domin yana lalata robar kuma yana sa ta zamewa. Ka sa takunkumin kana zaune, igiyoyin a sake. Ka kunna iska. Sannan ka kwanta yadda ka saba kwanciya, domin fuskar mutum a zaune daban take da fuskarsa a kwance. Yanzu ne za ka ja igiyoyin kaɗan-kaɗan, hagu da dama daidai wa daida, har ka daina jin iska a kumatu. In har yanzu akwai inda ke hurawa, ka ɗaga takunkumin daga fuska na daƙiƙa biyu, ka bar robar ta cika da iska, ka mayar a hankali.

Kuskuren da na yi, kuma kusan kowa ke yi, shi ne ɗaurewa tamau. Robar nan an yi ta ne ta kumbura da iska ta manne da fata da kanta. Idan ka matse ta sai ta lanƙwashe ta yi 'yan kwaroro, iska ta samu hanya, kai kuma ka ƙara ja, ta ƙara yoyo. Jan layin da na tashi da shi a hanci, da idon da ya wuni yana raɗaɗi, duk daga nan suka fito: iska ce ta kwana tana busa mini ido ta saman robar da na murƙushe. In yatsanka ba ya shiga ƙarƙashin igiya cikin sauƙi, ka ɗaure da yawa.

Yawancin na'urori suna da gwajin takunkumi a cikin saiti, inda suke tura matsi mai ƙarfi na ɗan lokaci. Ka yi amfani da shi. Takunkumin da ya zauna lafiya a matsi 5 lokacin da kake shirin barci zai iya yin fito a matsi 12 da tsakar dare.

Abu biyu kada ka yi wasa da su. Ƙananan hudojin da ke gaban takunkumi, waɗanda iska ke fita ta cikinsu kullum, ba lalacewa ba ce. Ta nan gurɓatacciyar iskar da ka fitar take ficewa. Kada ka liƙe su, kada ka bar bargo ya rufe su. Na biyu, wasu takunkuman suna da maganaɗisu a maɗaurinsu. Kamfanonin da ke ƙera su, Philips a 2022 da ResMed a 2023, sun yi gargaɗi cewa zai iya shafar na'urar daidaita bugun zuciya da wasu ƙarafan da ake dasawa a jiki, ko a jikinka suke ko a jikin wanda kuke kwana tare. In haka ne, ka nemi marar maganaɗisu.

Sai yoyon baki. Mai takunkumin hanci idan bakinsa ya buɗe, iskar da ta shiga ta hanci sai ta fice ta baki, ta bar maƙogwaro babu tokari. Alamarsa bushewar baki da safe, harshe kamar an shanya shi. Ka fara da hancin: in a toshe yake, baki dole ya buɗe, don haka a ƙara laima, a wanke hanci da ruwan gishirin da ake sayarwa don haka, a nemi maganin toshewar. In bai yi ba, a gwada maɗaurin haɓa. In shi ma bai yi ba, a koma mai rufe baki. Za ka ji wasu suna liƙe baki da filasta. Ni ba na ba da wannan shawara sai likita ya amince, domin in amai ya taso ko wuta ta ɗauke, kana bukatar bakinka.

Wanda takunkumi ke firgita shi kuma, kada ya jira dare. Ya sa shi da rana yana zaune yana karatu ko kallo, minti 20 ko 30, iska a kunne. Kwana uku ko huɗu jiki zai daina ɗaukar sa baƙo.

Mataki na uku: karanta rahoton safe

Kowace safiya na'urar tana ba ka labarin daren jiya a kan allonta. Lambobi huɗu za ka duba, kuma da jeri.

Sa'o'in amfani su ne farko. Za ka ji ana maganar awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare. Wannan ma'auni ne da masu inshorar lafiya a Amurka suke amfani da shi don sanin ko mutum yana amfani da na'urar, ba iyakar abin da jiki ke bukata ba. Barcin mafarki ya fi yawa wajen asuba, kuma a cikinsa naman maƙogwaro ya fi saki. Wanda ya cire takunkumi ƙarfe uku ya cire shi daidai lokacin da ya fi bukatarsa.

Na biyu yoyo. A na'urorin ResMed, abin da ya wuce lita 24 a minti ya yi yawa, wasunsu ma sukan nuna 'yar fuska kore mai murmushi ko ja mai ɓacin rai. Wasu na'urorin, irin na Philips, suna haɗa iskar da ke fita ta hudojin nan na dole cikin lissafi, don haka lambarsu takan fi girma ba tare da akwai matsala ba. Kada ka gwada lambarka da ta wani sai kun tabbatar ma'auninku ɗaya. Dalilin da ya sa yoyo ya riga AHI a jeri shi ne, idan iska tana zurarewa da yawa na'urar ba ta jin numfashinka sosai. Tana iya nuna maka AHI 2 alhali ta makance rabin dare.

Na uku AHI ɗin kansa. Abin nema shi ne ƙasa da 5. Kada ka tsaya a jimillar, ka duba rabe-rabenta: nawa ne toshewa, nawa ne rabin toshewa, nawa ne wanda hanya take a buɗe amma numfashin ya tsaya. Za mu dawo kan na ƙarshen nan, don shi ne ke yaudarar mutane. Ka kuma sani na'urar ba ta san ko kana barci ko idonka biyu ba. In ka yi awa guda kana juyi, kana ajiyar zuciya, kana riƙe numfashi wajen gyara kwanciya, duk za ta rubuta su.

Na huɗu matsi, ga mai APAP. Za ka ga matsakaici, da wata lamba da aka rubuta kashi 95 ko kashi 90 a gefenta. Ma'anarta, a kashi 95 cikin 100 na daren matsin bai wuce wannan lamba ba.

Allo taƙaitawa yake yi. Cikakken bayani yana cikin ɗan katin ajiya da ke gefen na'urar. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna OSCAR da ke buɗe katin ta nuna maka kowane numfashi a zane. A nan na gano cewa toshewar tawa ba a warwatse take ba, a dunƙule take zuwa, sau biyu a dare, minti ashirin-ashirin. Ashe lokacin da nake juyawa rigingine ne, matashi biyu sun tura kaina gaba, haɓa ta dangana da ƙirji. Na cire matashi ɗaya, na koyi kwanciya ta gefe, lambar ta sauka ba tare da an taɓa matsi ba.

Dare ɗaya ba ya yanke hukunci. Mura, gajiya, barasa, maganin barci, duk suna ɗaga lambar. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta lambobin huɗu tare da layi ɗaya na yadda ka tashi. Bayan mako guda ko biyu sai ka duba inda suka dosa.

Mataki na huɗu: abubuwan da ke hannunka

Saitin da allo ke kira Ramp shi ne hawa a hankali. Na'urar takan fara da ƙaramin matsi, ta hau zuwa wanda aka rubuta maka cikin minti 5 zuwa 45. An yi shi don sauƙi, amma sau da yawa shi ne ke kawo ƙunci. Matsi 4 ya yi wa manya da yawa kaɗan, sai mutum ya ji kamar yana numfashi ta cikin tsumma, ya ɗauka iskar ce ta yi yawa alhali ƙaranci ta yi. In kana jin yunwar iska da zarar ka kwanta, ka rage lokacin hawan ko ka kashe shi, ko ka nemi a ɗaga mafarin zuwa 6 ko 7. In kuma ƙarfin iskar ne ke hana ka barci, ka tsawaita lokacin daidai da yadda kake daɗewa kafin barci ya ɗauke ka.

Sai sassaucin fitar da numfashi, wanda ResMed ke kira EPR, Philips kuma Flex, daga 1 zuwa 3. A ResMed lissafin a fili yake: matsi 10 da EPR 3 yana nufin kana shaƙa a 10 kana fitarwa a 7. Yana taimakon mai jin kamar yana kokawa da iska. Sai dai maƙogwaro ya fi rufewa a ƙarshen fitar da numfashi, daidai lokacin da aka rage matsin. Don haka in ka ɗaga shi ka ga toshewa ta ƙaru, ka san dalili. Kuma na'urar ba ta sauka ƙasa da 4, wato wanda matsinsa 4 ne ko ya sa 3 babu abin da zai ji. A wasu na'urorin wannan saiti a ɗakin likita yake, sai ya buɗe maka.

Laima kuwa jiki magayi. Hanci ya bushe, yana zafi, ko ya toshe, ko ka tashi kana atishawa da yoyon majina: ƙara mataki ɗaya. Mutane kan yi mamakin cewa toshewar hanci alamar ƙarancin laima ce, amma haka ne, busasshiyar iska ke sa cikin hanci kumbura. In kuma ka farka ka ji tiyo yana ɓulɓul, ruwa na ɗiga maka a fuska, to iska mai ɗumi ce ta haɗu da sanyin ɗaki ta zama raɓa. Ka rage laima mataki ɗaya, ko ka ƙara ɗumin tiyo in mai ɗumama kansa ne, ko ka sa masa riga ta ƙyalle. Ka ajiye na'urar ƙasa da tsayin kanka don ruwan ya gangara ya koma tankinsa. Ruwan da ya fi dacewa shi ne wanda aka tace ta hanyar tururi, don ba ya barin farin gishiri a gindin tanki. Kada ka ɗiga turare ko man shaƙa a ciki, huhunka zai tafi kai tsaye.

Ƙa'idar duk wannan: canji ɗaya a lokaci ɗaya, ka ba shi dare huɗu ko biyar. In ka canza uku a dare guda abin ya gyaru ko ya ɓaci, ba ka san wanne ya yi aikin ba.

Mataki na biyar: matsin iska

Yanzu yoyo ya sauka, kana kwana da takunkumi har safe, kana da rubutun mako biyu. Sai a zo maganar matsi. Ba na cewa ka shiga ɗakin likita ka murɗa da kanka. Ina so ne ka san yadda ake tunanin, don idan kun zauna ku yi magana da harshe ɗaya.

Sau da yawa ana miƙa wa mutum APAP a buɗe, 4 zuwa 20, a ce za ta nemo wa kanta. Tana nemowa, amma a makare. Ita sai ta ji minshari ko matsewar iska ko toshewa sannan take hawa, in abu ya lafa ta sake gangarowa. Wanda maƙogwaronsa ke bukatar 11, in aka fara shi daga 4, sai ya sha toshewa da dama kafin ta iso, ta sauka, a sake sabon lale. Hawa da saukar ma kaɗai suna tashin mai barci marar nauyi. Shi ya sa idan rahoto ya nuna, misali, matsakaici 9 da kashi 95 a 12, likita kan ɗaga ƙasan zuwa kusa da matsakaicin, ya bar saman da ɗan fili.

In toshewa da rabin toshewa ne suka yi yawa, ko minshari bai daina ba, matsin ya yi kaɗan. Akan ƙara santimita 1, a jira kamar mako guda, a duba. In zanen ya nuna na'urar tana kwana manne da saman da aka sa mata, saman ne ya yi ƙasa, muddin ba yoyo ke ruɗa ta ba.

Alamun matsi ya yi yawa kuwa: yoyon da ya ƙi jin gyara, farkawa da jin iska na cika maka baki, da kumburin ciki. Wannan na ƙarshen ba a cika faɗinsa ba don kunya. Iska ce ke bin hanyar abinci, mutum ya tashi ciki kamar ganga, yana ta gyatsa da sakin iska. Ɗaga kan gado kaɗan yana taimakawa, haka ma barin cin abinci dab da kwanciya da ƙara sassaucin fitar numfashi. In ya ci gaba, likita kan rage saman, ko ya mayar da mutum BiPAP.

Ga inda garin neman gira ake rasa ido. Tsayawar numfashi da hanya a buɗe, wadda rahoto ke rubutawa CA ko Central, ba toshewa ba ce, don haka ƙarin matsi ba ya maganinta, yakan ma ƙara ta. Abin da ke faruwa shi ne, iskar da ke tunzura ƙwaƙwalwa ta ce a yi numfashi ita ce gurɓatacciyar nan da muke fitarwa. Idan na'ura ta sa ka fitar da ita fiye da yadda jiki ya saba, sai ƙwaƙwalwa ta ga babu gaggawa, ta ɗan dakata. Mutum ya ga AHI ya tashi, ya ƙara matsi, lambar ta ƙara tashi, ya sake ƙarawa. Ga mafi yawan sababbin masu amfani wannan yakan lafa da kansa cikin makonni zuwa wata uku, wani lokaci rage EPR ma ya isa. 'Yan ƙalilan da ke zuwa farkon barci ko bayan juyi ba abin damuwa ba ne. Amma in sun kai 5 a awa suna maimaituwa, ko zanen numfashinka yana girma yana ƙanƙancewa yana tsayawa kamar igiyar ruwa, ka kai wa likita ba tare da jinkiri ba, domin wannan salo yana iya zama alamar ciwon zuciya. Kada kuma ka sayi ASV da kanka don ka ji an yabe ta. Wani babban gwaji da aka fitar a 2015 ya nuna ta ƙara mace-mace a tsakanin masu wani nau'in raunin zuciya, shi ya sa ake duba ƙarfin zuciya kafin a ba da ita.

Matsin da ya dace da kai bana ba lallai ya dace baɗi ba. Ƙiba ko rama mai yawa, tiyatar hanci ko maƙogwaro, juna biyu, sabon magani mai sa barci, kowanne dalili ne na sake dubawa.

Tsafta da wuta

Robar takunkumi a goge ta ko a wanke kullum da ruwan ɗumi da sabulu mai sauƙi, don maiƙon fuska ne ke hana ta kamawa. Tiyo da tanki da igiyoyi mako-mako, a shanya a inuwa. A zubar da ragowar ruwan tanki kowace safiya. Ɗan farin audugan da ke tace ƙura a bayan na'urar, in ya yi duhu a canza. Robar da ta yi wata da watanni takan saki, kuma yoyon da ya dawo bayan an daɗe lafiya yawanci ita ce. Na'urorin wanki masu amfani da iskar ozon ba a bukatarsu. A watan Yuni na 2021 Philips ya janye miliyoyin na'urori saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana rududdugewa, kuma an ambaci zafi da laima da irin wannan wanki cikin abubuwan da ke hanzarta lalacewar. Mai sayen tsohuwar na'ura ya duba lambarta ya tabbatar ba ta cikin waɗanda aka janye.

In wuta ta ɗauke kana barci ba za ka shaƙe ba. Mai takunkumin hanci bakinsa zai buɗe, mai rufe baki kuma yana da ɗan murfi da ke buɗewa da kansa idan iska ta tsaya. Za ka farka, sai ka cire. In da batir za ka kwana, ka kashe ɗumama ruwa da ɗumin tiyo, su ne ke shanye mafi yawan wutar.

Ranar komawa asibiti

Ka koma idan AHI ya ƙi sauka ƙasa da 5 bayan ka gyara yoyo, ko lambobi sun yi kyau amma bayan wata guda ko biyu har yanzu barci na fizgarka da rana. Wannan na biyun yana iya zama ƙarancin sa'o'in barci, ko motsin ƙafa cikin dare, ko ƙarancin jini, ko wani ciwo da na'urar ba ta gani. Muddin kana gyangyaɗi, ka bar tuƙi. Ciwon ƙirji, ko farkawa da haki mai tsanani, ko kumburin ƙafafu, waɗannan ba sa jiran ranar da aka ba ka.

Ka tafi da katin ajiyar, da ɗan littafinka, da takunkumin kansa don a ga yadda kake ɗaura shi. In za ta yiwu ka tafi da wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Ranar da muka je, likita ya tambaye ni ko har yanzu ina minshari na ce a'a, mai ɗakina ta ce yana yi, wajen asuba, in ya juya rigingine. Da aka buɗe katin, ƙarfe biyar saura kwata ne, kamar yadda ta faɗa.